Rassan Marfa Dundas

A kan gadar jirage aka ƙulla cinikin, da rana tsaka, mutane suna kallo. Marfa Dundas ce ta zaɓi wurin, kuma da gangan ta zaɓe shi. Ta haura saba'in, ita ce babba a gidan Hankaka, ɗaya daga ɓangarorin dangi biyu na garinmu, kuma tun tana budurwa ba ta iya yin abu a bayan ƙofa ba.

Wanda ta tsaya a gabansa Sverre Tangen ne, mai babban jirgin taru, cikin waɗanda ke kwashe kifin herin duk bazara don a kai ƙwansa Japan. Ya fi shekara talatin a wannan gaɓa ta Alaska, amma har lokacin in ya gai da mutum a kanti, sai mutumin ya amsa idonsa na kan gwangwanin madara.

Ta faɗa masa buƙatarta ba kwana-kwana. Autansu Ilya ya rasu da hunturu. 'Yan Gaggafa, wato ɗaya ɓangaren, su ne suka yi masa komai, tun daga akwati har kabari, kamar yadda aka saba. In kaka ta zo, gidan Hankaka zai tara su ya ciyar da su, ya gode musu a gaban jama'a. Wannan taro kuwa ba a yin sa sai da ƙwan herin a kan rassa, mai kauri, wanda zai ishi kowa har a tafi da saura gida. Shekara biyu ke nan gidansu yana ciro rassa kusan tsirara. Shi Sverre yana da na'urar da ke nuna masa kifi a ƙarƙashin ruwa. To, ya ɗauki bishiyoyinta na hemlok ya nutsa su inda kifin zai zuba ƙwai, in sun ɗauka ya ciro mata.

"Faɗi abin da kake so," in ji ta.

Ya goge hannu a wandonsa. "Kujera."

"Wace kujera?"

"A wurin taron. A kira sunana yadda ake kiran na kowa."

Ta daɗe tana dubansa, irin duban da take yi wa kifin da aka ce mata na yau ne.

"Guda ɗaya. A ɓangaren Gaggafa, can baya kusa da ƙofa. In rassana sun dawo da kauri."

Ya ce ko a bakin ƙofar ne ya yarda. Suka yi musafaha. Kafin ta kai gida labarin ya riga ta.

Kifi ya shigo a ƙarshen watan Maris. Ruwan bayan Tsibirin Barewa ya yi fari kamar an tuntsurar da nono a ciki. Can Sverre ya nutsa bishiyoyin, kowace da dutsenta, bai bar alama a kan ruwa ba don kada wani ya gani. Ran da suka je cirowa shi da ita, ya jefa ƙugiya ya jawo ta farko. Gungume ne ya fito. An aske rassan.

Marfa ta dubi gungumen. Ta ce ya mai da ita gari.

Sufeto Orrin Skeek yana cikin shan kofi ta shigo ofis. Ya miƙe tsaye. Uwarsa Gaggafa ce, don haka shi ma Gaggafa ne, amma mahaifinsa ɗan gidan su Marfa ne, kuma ɗan sanda ko ba ɗan sanda ba, ba a zaune a gaban dangin uba.

"Goggo, sannu da zuwa. Ga kujera."

"Ban zo zama ba. Sata aka yi min."

A bayanta ƙaninta Gavril ne tsaye da hula a hannu, shi ya kawo ta a mota. Shi ne mai nutsa wa gidan rassa tun yana saurayi, a lungun da kakansu ya nuna masa. Da sufeto ya gaishe shi, ya ce injin jirginsa ne ya mutu tun hunturu, ba don haka ba da baƙo bai taɓa bishiyar gidansu ba.

Orrin ya tambaye ta ko Sverre take zargi.

"Ban ce shi ne ba. Na ce shi kaɗai ya san wurin."

Sai ta sassauta murya. Kifi ya kusa gama zuba, ruwa ya fara washewa, ba sauran damar nutsa wasu. In ba a gano rassanta ba, ko dai ta tsaya gaban Gaggafa hannu rabbana, ko ta bi gida-gida tana roƙon ƙwai don ta ciyar da baƙi da sunan ƙaninta. Ta ce gara a binne ta kusa da Ilya da ta yi ko ɗaya daga ciki.

Sufeto ya ɗauki hularsa.

A gada ya tarar da mutane sun taru a gaban jirgin Sverre. Ba wanda ke ihu. Sun dai tsaya da hannuwa a aljihu, kuma a garinmu wannan ya fi ihu muni. Manyan jiragen taru duk suna ɗaure, kowane da rediyo a kunne, ana jiran sanarwar hukuma ta buɗe kamu. Buɗewar ba ta daɗewa. Wanda bai fita a lokacin ba, shekararsa ta tafi.

"Tun da ka nutsa su, ka koma wurin?" Orrin ya tambayi Sverre.

"Ko sau ɗaya."

"Ka faɗa wa wani?"

"Ko matata."

Orrin ya gyaɗa kai ya taka zuwa rumfar mai da ke ƙarshen gada. Matar da ke sayarwa ta ce ita ba ta sa ido a kan kowa, amma dai ƙaramin jirgin Sverre, wanda ke jan bakin taru, kullum da sassafe yana shan mai ya nufi Tsibirin Barewa, shi kaɗai a ciki.

Sufeto ya dawo da sarƙa da kwaɗo. Ya ɗaure ƙaramin jirgin a jikin gada.

Fuskar Sverre ta yi ja. Ya ce ba a shimfiɗa taru sai da wannan jirgi, in sanarwa ta zo yanzu ya mutu.

"Ka yi min ƙarya a gaban jama'a, Kyaftin. Me kake zuwa yi?"

Ya ja sufeto gefe, nesa da ma'aikatansa. Wai zuwa yake ya duba kawai. Yana leƙa ruwan da tocila ya ga ko sun ɗauka, kamar mai mata da tsohon ciki. Bai so yaran jirginsa su sani ba, don za su yi ta yi masa dariya har shekara ta zagayo, a ce kyaftin ya koma renon ganye.

Orrin ya ce wataƙila gaskiya ne. Amma jirgin zai zauna a ɗaure har a gama bincike, kuma in ya kwance shi yanzu, waɗancan masu hannu a aljihu su za su yanke hukunci, ba alƙali ba.

Da jirgin 'yan sanda ya je wurin, shi da sajansa. Suka jefa ƙugiya suka ciro bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Sajan ya ce ɓarawo ya gama da su, su koma.

Sufeto ya jawo ɗaya kusa. Ya tsuguna yana shafa jikin gungumen. An yanke kowane reshe da almakashin lambu, daidai gindinsa, ba fizga ba karya. Rassan da ƙwansu bai yi kauri ba an bar su a jiki. Kowace bishiya an sake ɗaure ta da dutsenta an mai da ita ruwa. Ta ƙarshe kuwa ba a taɓa ta ba sam, tana nan da ƙwanta.

"Ka taɓa ganin ɓarawon da ke bar wa kifi rabonsa ya ƙyanƙyashe?" ya tambayi sajan.

Sajan ya ce shi ɓarayin da ya sani ko ƙusa ba sa bari.

Suka mai da bishiyoyin yadda suka same su.

Akwai mutum ɗaya da ba ya fashin zuwa bayan tsibirin. Lowell Pickering, tsohon likitan haƙori daga kudu, wanda ke hayar ɗaki a garinmu duk bazara don ya kama herin da fatsa mai ƙananan ƙugiyoyi. Nishaɗi ne kawai. Yana jiƙa kifin a kwalabe da ruwan tsami ya yi ta rabawa, mutane suna karɓa da godiya suna ba karnuka.

Ya tarbi sufeto da fara'a mai yawa. Ya ce bai ga kowa ba, shi in yana kamun kifi ko jirgin yaƙi ya wuce ba zai sani ba.

Orrin ya shaƙi iska. Ya wuce shi ya ɗaga murfin tukunyar da ke kan risho. Reshe ne a ciki, ƙwan ya yi fari fat ya ƙage kamar roba.

"Likita, wa ya ce maka ana tafasa shi haka? Tsoma shi ake yi a ciro."

"Saye na yi."

"A wurin wa?"

"Wani mutum."

"Ba a sayar da shi a garin nan. Wanda ya sayar, ko 'ya'yansa ba za su ƙara gaishe shi ba. Sake wata."

Likita ya zauna a bakin gado. Ya ce jiya da sassafe ne, hazo ya rufe ruwa. Wani ƙaramin jirgi irin na kowa ya fito daga bayan tsibirin, ya yi nauyi har ruwa na neman shiga. Mutumin ciki ya rufe kai da hular rigar ruwa. Da ya hango shi, maimakon ya kauce sai ya karkato, ya matso, ya jefo masa reshe ɗaya cikin jirgi, ya ɗaga hannu ya wuce. Bai ga fuska ba, bai ji murya ba. Da ya ji zancen sata a wurin shan kofi sai tsoro ya kama shi.

"Jirgin jan taru ne?"

Ya ce a'a, waɗancan ai ƙararsu kamar tarakta. Wannan shiru-shiru ne.

A mota sajan ya yi ta dariya. Wai ɓarawo ya gamu da shaida a tsakiyar teku, sai ya ba shi kayan satar ya riƙe.

Orrin bai yi dariya ba. Ya san abin da ya faru. Wanda aka rena a kan ruwan nan ba ya wuce mutum da ƙwan farko a jirgi bai miƙa masa ba. Ba tunani yake yi ba, hannunsa ne ke yi. In kuwa haka ne, akwai inda ƙwan farko ke zuwa kafin ya shiga gidan kowa.

Ya ce wa sajan ya juya mota zuwa gidan tsofaffi.

Sun tarar ana cin abincin rana. Tun daga ƙofa ake jin ƙamshin man karen teku, wata dabbar ruwa mai kitse, da ƙarar ƙwai yana fashewa a bakin masu sauran haƙori. Bana kuwa ba wanda ya ciro rassansa tukuna a duk garin.

Fedosiya, tsohuwar Gaggafa da ta kusa ɗari, ta hango shi ta tura kwanonta ƙarƙashin mayafi.

"Ga mijina ya zo. Sai yau ka tuna kana da mata?"

"Kaka, me kuke ci?"

"Dankali."

"Dankali ne ya bar miki ganye a leɓe?"

Ta share baki ta ce shi dai tun yana yaro ba shi da kunya, shi ya sa ya zama ɗan sanda.

Mai dafa abinci ta ce kwali biyu ta tsinta a ƙofar baya jiya da safe, ba ta ga wanda ya ajiye ba. Ɗaya an soka masa gashin gaggafa a sama, sai ta ba tsofaffin Gaggafa. Ɗayan ba komai a kansa, ta ba na Hankaka. Na farkon ƙwansa ya kai kaurin tafin hannu. Na biyun dai ba laifi.

Wani tsoho mai suna Prokop ya buga cokali a tebur. Ya ce ba laifi ina, ganye ya fi ƙwan yawa, su Hankaki an mai da su 'yan kallo.

"Rufe mana baki, Prokop," in ji Fedosiya. "Naku ne ya san mutunci. Mai kyau na baƙi ne, saura na gida. Haka uwarsa ta koya masa."

Ta dubi sufeto, ta gane abin da ta yi.

"Uwar wa, Kaka?"

"Na tsufa. Ban san abin da nake faɗa ba."

Ya sumbaci goshinta ya fita. Bai ƙara matsa mata ba, ya riga ya samu. Ba Hankakan da zai ba nasa mai kyau ya ba Gaggafa saura, haka ma Gaggafa ba zai fifita nasa ba. Wanda ya cika kwalin Gaggafa da mai kauri ɗan Hankaka ne. Sverre kuwa ko bambancin kwalayen ba zai sani ba.

Hankakin da ke da jirgi a garinmu ba su da yawa, kuma a wannan mako duk suna kan ruwa, kowa yana gadin rassansa. Orrin ya sauke sajan a ofis ya zaga unguwa shi kaɗai, a hankali. A gefen gidan Gavril ya taka birki.

Jirgin yana kan tirela, an rufe shi da tamfol an ɗaure. Jirgin da aka ce bai taɓa ruwa ba tun hunturu. Tsuntsayen teku sun yi masa rumfa, suna faɗa da juna, suna cusa baki ta ramin da ruwa ke fita suna zaƙulo abu. Ƙwan herin in ya manne a jirgi, ko ka wanke sau nawa sai ya saura a lungu.

Ya daɗe a mota. Ba shi da takardar izinin shiga gida. Alƙali da jirgin sama yake zuwa, hazo kuma ya hana jirage tashi. Kafin takarda ta zo, mutumin da ya ji an gano shi yana iya kwashe komai ya zuba a teku don kada a gani, Marfa ta tashi a tutar babu.

Ya cire hularsa ta aiki ya ajiye a kujera. Ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Baffa, ni ne."

Gavril ya buɗe, ya dube shi, ya dubi kansa da ba hula. Ya ce ya shigo. Ya ɗora ruwan shayi, ya kawo busasshen kifi da biskit. Rediyo na kan taga yana ta surutun masu jirage.

Suka taɓa hira. Orrin ya tambayi inji, Gavril ya ce sai an kawo wani ƙarfe daga birni. Ya ce tsuntsaye sun dame shi a waje, Gavril ya ce hanjin kifi ya zubar a wurin. Duk yana magana yana duban kofinsa.

Sufeto ya ture farantin biskit gefe.

"Baffa, bana ko ɗanɗana ƙwai ban yi ba. Ɗan Gaggafa ne ya shigo gidan Hankaka da kwaɗayi. In babu, ka ce min babu, in shanye shayina in tafi."

Gavril bai motsa ba. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da tsira, kuma dukansu biyu sun sani. Tun safe yake ƙarya ba wahala. Ya yi wa ɗan sanda, ya yi wa yayarsa. Amma wannan ba ɗan sanda ba ne ya tambaya, baƙo ne daga ɗaya ɓangaren, zaune a teburinsa.

"Ubanka bai koya maka wannan ba," ya ce a hankali.

"A'a. Aiki ne ya koya min."

Tsohon ya tashi. Ya fita ta ƙofar baya zuwa rumfar da firizojinsa suke. Ya dawo da reshe wanda sai da hannu biyu ya riƙe shi. Ya tsoma a ruwan zafi ya ciro kafin ƙwan ya canza launi, ya ɓare shi a faranti, ya zuba mai a ƙaramin kwano, ya ajiye a gaban baƙonsa.

"Ci."

Orrin ya ci. Bai taɓa cin mai kyau irinsa ba.

Gavril ya zauna ya faɗi komai ba a tambaye shi ba. Injinsa lafiyarsa lau. Ya ce ya mutu ne don kada ya sake fita ya dawo da rassa tsirara a gaban mutane, tun da kifi ya daina zuwa lungun kakansu. Daga kan tudu ya riƙa hango Sverre yana zuwa wuri ɗaya kullum da safe, sai ya gane. Bai sayar da ko ƙwaya ba. Ban da na tsofaffi da na wancan likita, duk suna nan a ƙulle cikin leda. Niyyarsa in kaka ta zo ya fito da su ya ce daga lungun kakansu suka zo.

"Ni na koya wa Ilya riƙe igiya. Ni na ciyar da gidan nan tun kafin a haife ka. Sai a tsaya gaban Gaggafa a ce wanda ya ƙarar mana da kifi shi ya ciyar da su da sunan ƙanina? Ina zaune ina kallo?"

"An ɗaure jirgin mutum saboda kai, Baffa."

"Na sani."

Bai rufe baki ba rediyo ya canza murya. Hukuma ta buɗe kamu. Ta taga suka ji injunan manyan jirage sun tashi gaba ɗaya. Orrin ya kira sajan ya ce ya ruga ya kwance sarƙar nan. Amma makullin yana aljihun sufeto, kuma kafin a samo abin yanke ƙarfe sauran jirage sun kewaye kifin.

Gavril ya wanke farantin, ya kashe risho, ya sa rigarsa ta zuwa coci. Ya miƙa hannuwa biyu.

Orrin ya ce ba sai da ankwa ba.

"Sa min. Kada a ce ɗan Gaggafa ya yi wa baffansa alfarma."

Ya ƙi shiga mota. Da ƙafa suka bi ta bakin gada, shi a gaba, kansa a sama, sufeto a baya kamar shi aka kama. Jirgin Sverre kaɗai ya rage a ɗaure, mai shi yana zaune a kan tarunsa busasshe. Gavril ya tsaya a gabansa ya ce shi ne ya yi, ba wani ba. Bai ba da haƙuri ba. Sverre ya dube shi kawai ya gyaɗa kai.

Marfa tana ƙofar ofis, an riga an faɗa mata. Ta dubi ankwar, ta dubi ƙaninta.

"Ka ɗauraye rassan da ruwan teku kafin ka ƙulle?"

"Yaya, ni za ki tambaya?"

Ta gyaɗa kai, alamar hankalinta ya kwanta ta wannan wajen. Sufeto ya matso ya ce mata a hankali, tun da abu na gida ne kuma kaya sun fito, tana iya janye ƙara.

"Sata ya yi," in ji ta. "Shiga da shi."

Aka shiga da shi.

To, ga yadda kowa ya tashi. Sverre Tangen ya yi asarar kamun shekara guda, yaran jirginsa biyu suka bar shi suka koma wani. Da kaka ya sami kujerarsa, can baya kusa da ƙofa inda iska ke shigowa, Marfa ba ta matso da ita ko taku ɗaya ba. An kira sunansa, ya miƙe da kwat ɗin da ya yi masa kaɗan, kuma in ka tambaye shi zai ce maka shi ya ci riba.

Marfa ta ciyar da Gaggafa har suka tafi da saura, ana ta zancen kaurin ƙwan nan har garuruwan maƙwabta. Ta fita kunya. Amma ƙanin da ya rage mata bai sake taka gidanta ba, a coci ma ɓangare daban yake tsayawa.

Gavril, alƙali ya ɗora masa faskaren itacen hunturu na gidan tsofaffi, abin da dama yana yi ba a sa shi ba. A wurin taro shi ya raba ƙwan da hannunsa, don ba wanda ya isa ya hana shi, kuma kowa ya san wanda ya yanka ya ƙulle. Abin da ya rasa shi ne abin da ya yi satar dominsa: a gabansa aka gode wa Sverre.

Tsofaffi sun ci ƙwan farko ba su biya komai ba.

Sufeto Orrin Skeek ya rufe bincike cikin sauri, manyansa suka yaba masa. Har yau in ya shiga gidan Hankaka ana ba shi abinci, don ba a hana ɗan Gaggafa. Sai dai ajiye masa kwanon ake yi a fita, a bar shi ya ci shi kaɗai.